Zeal & Ardor: Yadda Zagi Ya Haifi Ƙungiyar Kiɗa A Ƙasar Suwis

In aka ambaci ƙasar Suwis, abin da ke fara zo wa mutum a rai shi ne bankuna da agogo, sai kuma birnin Janiba inda manyan duniya kan je sasanta rikici. Ba kasafai sunanta ke fitowa a zancen kiɗa ba, balle kiɗan da ya taɓo tarihin baƙar fata. To amma a birnin Basel, can bakin kogin Rhin, inda iyakar Suwis ta haɗu da ta Faransa da Jamus, akwai wata ƙungiyar makaɗa mai suna Zeal & Ardor, wadda tun daga shekarar 2016 take tayar da ƙura a tsakanin masu sauraron kiɗan metal. Dalili kuwa, ta ɗauko abubuwa biyu da kowa ya san ba sa ga maciji da juna ta zuba su a tukunya guda: waƙoƙin da bayi ke rerawa a gonakin kudancin Amurka, da wani kiɗa mai duhu na samarin arewacin Turai da ake kira black metal.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu yi wa mai karatu bayanin wannan kiɗa, tun da yake ba irin wanda ake ji a gidajen rediyonmu ba ne.

Kiɗan metal ya samo asali ne daga birnin Birmingham na Ingila, garin masana'antu da maƙeran ƙarfe, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Gitar lantarki ce dai irin wadda matasanmu suka sani a hannun su Bombino da Mdou Moctar, sai dai a nan akan ƙure mata ƙarfi har sai ta riƙa gurnani kamar injin niƙa, shi kuma mai ganga yana duka da hannu biyu da ƙafa biyu, kamar ruwan ƙanƙara a kan rufin kwano. Daga wannan tushe rassa suka yi ta fitowa. Reshen da ya fi kowanne tsanani shi ne black metal, wanda ya samo sunansa daga wani faifai da ƙungiyar Venom ta Ingila ta fitar a 1982. Baƙin da ke cikin sunan na duhu ne da mugun abu, bai shafi launin fatar kowa ba. A wannan reshe mawaƙi ba ya rera waƙa, kururuwa yake yi da maƙoshi kamar wanda aka shaƙe.

A farkon shekarun 1990 ne wasu samari a ƙasar Norwe suka kai abin inda ya wuce kiɗa. Sun ce addinin Kirista baƙo ne a ƙasarsu, da takobi sarakuna suka ɗora shi a kan kakanninsu wajen shekaru dubu da suka wuce, don haka za su rama. A watan Yunin 1992 aka ƙone majami'ar Fantoft da ke kusa da birnin Bergen, ginin katako mai shekaru sama da 800, wasu majami'u kuma suka biyo baya. A watan Agustan 1993, Varg Vikernes mai ƙungiyar Burzum ya daba wa Øystein Aarseth na ƙungiyar Mayhem wuƙa har lahira a birnin Oslo, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 21 saboda kisan da kuma ƙona majami'u. Shi Vikernes bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa ga Yahudawa da duk wanda ba farar fata ba. Ba duka makaɗan black metal ne ke da wannan ra'ayi ba, da yawansu ma sun yi tir da shi, amma tabon ya zauna, har aka samu wani ɓangare da ke kiɗan da aƙidar ƴan Nazi ƙarara. A taƙaice dai, gida ne da ɗan baƙar fata ba zai shiga da sakin jiki ba.

Ruwa biyu

Manuel Gagneux, wanda ya kafa Zeal & Ardor, an haife shi a Basel a 1989. Mahaifinsa ɗan Suwis ne, masanin kimiyyar halittu mai taɓa kiɗa, mahaifiyarsa kuwa baƙar fatar Amurka ce, mawaƙiyar jazz. Ke nan ruwa biyu ne, ya tashi yana jin kiɗan baƙaƙen Amurka a gida, a waje kuma yana sauraron metal tare da samarin garinsu. Da ya girma sai ya koma birnin New York, inda yake yin wasu waƙoƙi masu sanyi shi kaɗai da sunan Birdmask, ba tare da wani ya san da zamansa ba.

A can ne ya ƙirƙiro wa kansa wani wasa don wasa ƙwaƙwalwa. Yakan shiga wani dandalin intanet mai suna 4chan, inda mutane ke rubutu ba tare da bayyana sunansu ba, wurin da ya yi ƙaurin suna wajen rashin ɗa'a, ya ce a ba shi sunayen kiɗa iri biyu, shi kuma ya haɗa su ya yi waƙa cikin kamar rabin awa. Wata rana wani ya ce black metal. Wani kuma ya ce a haɗa da kiɗan baƙar fata, amma da kalmar zagin nan da Turawan Amurka ke jifan baƙaƙe da ita tun zamanin bauta ya faɗa. Da wani ne, da ya rufe kwamfutarsa ya tafi, ko ya tsaya ramuwar zagi. Gagneux sai ya zauna ya yi waƙar.

Abin da ya fito ya ba shi mamaki shi kansa, domin abubuwan biyu sun zauna da juna. Daga nan ya fara tunanin dalili, ya kuma isa ga tambayar da ya gina ƙungiyar a kanta, wadda ya sha maimaitawa ga ƴan jarida: an tilasta wa mutanen Norwe addinin Kirista, jikokinsu suka yi tawaye da sunan Shaiɗan. An tilasta wa bayin Amurka wannan addini. To da a ce su ma sun yi irin wancan tawaye, yaya waƙoƙinsu za su kasance? Ya zaɓi sunan Zeal & Ardor, kalmomi biyu masu nufin himma da zafin shauƙi, irin waɗanda aka saba ji a bakin mai wa'azin coci. A 2014 ya saki waƙoƙin gwaji na farko a intanet.

Faifan da ya buɗe ƙofa

A watan Afrilun 2016 ne ya sa faifan Devil Is Fine a shafin Bandcamp, inda ƙananan makaɗa ke sayar da waƙoƙinsu kai tsaye. Waƙoƙi tara ne, dukansu ba su kai rabin awa ba, shi kaɗai ya yi komai da kwamfutarsa. Sunan faifan kansa wanke Shaiɗan yake yi, abin da mu da masu karatunmu za mu nemi tsari da shi, za mu kuma dawo kan wannan batu.

Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya ji yadda manoma ke amsa wa makaɗin noma, ko ya ji mata suna luguden daka suna waƙa, ba zai ji farkon wannan faifai baƙo ba. Murya guda ta bayar, muryoyi su amsa. Babu ganga, ƙarar sarƙa ce da tafi da dukan ƙafa ke riƙe da kiɗan, irin yadda fursunoni baƙaƙe ke yi in an ɗaure su jere ana fasa dutse ko saran itace, don gatari ya sauka lokaci guda kada wani ya sare ɗan'uwansa. Kana cikin wannan sai gitar ta faɗo kamar an buɗe madatsar ruwa, mai bayarwar ya koma kururuwa, can kuma komai ya lafa a koma amshi. A tsakani akwai wasu gajerun kiɗe-kiɗe na na'ura masu kama da na lallashin jariri, waɗanda a ganinmu sun fi kururuwar tayar da tsigar jiki.

Muryoyin sun yi kama da na dauri ƙwarai, har mutane da yawa suka ɗauka ya kwaso su ne daga ajiyar Alan Lomax, Ba'amurken da ya yi yawo da na'urar ɗaukar murya a kudancin Amurka, ya naɗi waƙoƙin fursunoni a gidan yarin Parchman na jihar Misisipi a shekarun 1940 da 1950. Alhali kuwa muryar Gagneux ce, ya yi ta ɗora ta a kan kanta har ta zama kamar ta taron mutane, baitocin ma shi ya rubuta.

A bangon faifan ya sa hoton Robert Smalls, ya ɗora masa wata alamar matsafa a kai. Shi wannan Smalls bawa ne a birnin Charleston, wanda a ranar 13 ga Mayun 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, ya tuƙa jirgin ruwan sojojin kudu mai suna Planter da dare, ɗauke da iyalinsa da wasu bayi, ya wuce ta gaban sansanonin tsaro ya miƙa shi ga sojojin arewa. Daga baya har ɗan majalisar wakilan Amurka ya zama.

Labarin faifan ya bazu ne daga baki zuwa baki. Ƴar jarida Kim Kelly, mai rubutu kan kiɗan metal a Noisey, tana cikin waɗanda suka fara yayata shi, mujallar Rolling Stone ma ta sa shi cikin fitattun faya-fayan metal na shekarar. A watan Fabrairun 2017 kamfanin MVKA ya sake fitar da shi ga kasuwar duniya.

Sai ga gayyata ta fara zuwa daga masu shirya bukukuwan kiɗa, alhali babu ƙungiya, mutum guda ne da kwamfuta. Gagneux, wanda ya riga ya koma Basel, ya tattaro abokai: Tiziano Volante a gita, Rafaela Dieu a gita mai kauri, Marco von Allmen a ganguna, sai Denis Wagner da Marc Obrist a matsayin ƴan amshi. Ƙungiyar metal da ƴan amshi biyu tsaye a gaba, ba abin da aka saba gani ba ne a can, ko da yake a wurinmu duk makaɗin da ya amsa sunansa yana da su.

Babbar jarrabawarsu ta zo a watan Afrilun 2017, a bikin Roadburn da ake yi a garin Tilburg na ƙasar Holan, wurin da masana wannan kiɗa ke taruwa, waɗanda ba a burge su da sauƙi. Suna cikin wasa lasifikoki suka ɗauke, har sau biyu. Mun san yadda taro ke watsewa a nan in wuta ta ɗauke ana tsakiyar biki. A can sai jama'ar da ke ɗakin suka ɗauki waƙar da bakinsu, ana bayarwa suna amsawa, har aka gyara na'urorin. Waƙar da aka gina a kan amshi ba ta buƙatar lantarki, kuma wannan dare ya ƙara wa ƙungiyar suna fiye da a ce komai ya tafi daidai.

Akwai wani abu da suka yi a farkon tafiyarsu da ba za mu yaba ba. Sun ƙera ƙarfe mai tambarin ƙungiyar, suka ce duk mai so a cikin masoyansu ya zo a gasa a yi masa lalas a jiki, kamar yadda ake yi wa bayi da shanu. Gagneux ya ce nufinsa kada kowa ya yarda, don a nuna wautar bin mutum ido rufe. Mutum takwas suka miƙa jikinsu, daga nan aka daina. Ko mene ne nufin, wanda ya san abin da wannan ƙarfe ya yi wa kakannin mahaifiyarsa bai kamata ya mayar da shi abin gwaji ba.

Amsar da tarihi ya bayar

Yanzu bari mu koma kan tambayar Gagneux. Shi dai ya ce ƙage ne, tarihin da bai faru ba yake wa waƙa, kamar mai tatsuniya, kuma Shaiɗan a wurinsa alama ce ta ƙin bin ubangida. Mun ji wannan. To amma tambayar tana da rami a cikinta, domin ta ɗauka cewa mutanen da aka kwasa daga gaɓar Afirka ba su da abin riƙo sai wanda ubangidansu ya ba su, in sun ƙi shi kuma sai dai su kama kishiyarsa. Ba haka abin yake ba. Da addininsu aka kama su. Wasu da na gargajiya, wasu kuma Musulmi ne masu karatu da rubutu. Omar ibn Said, mutumin Futa Toro, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a jihar Karolina ta Arewa. Masaniyar tarihi Sylviane Diouf ta nuna yadda wasu kiraye-kirayen da baƙaƙe ke yi a gonaki suke kama da kiran salla wajen jan murya da karya ta.

Kuma da suka tashi tawaye, da sunan Allah suka tashi. Nat Turner, wanda ya jagoranci boren bayi a jihar Bajiniya a 1831, mai wa'azin Kirista ne, littafin ubangidansa ya juya a kansa. A ƙasar Barazil kuwa labarin ya shafe mu kai tsaye, domin Hausawan da aka sayar aka kai jihar Bahiya su ne suka shirya bore a 1807, suka sake tashi a 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, ɗaruruwan bayi da ƴantattu Musulmi, akasarinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan birnin Salbado sanye da fararen riguna da layu, aka murƙushe su, aka kuma sami takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Waƙoƙin cocin bayin Amurka su ma ba na miƙa wuya ba ne. In suna waƙar Annabi Musa da Fir'auna, sun san wane ne Fir'aunan.

Saboda haka mu a nan ba mu ga abin da Shaiɗan zai ƙara wa wannan tarihi ba, kuma babu gidan rediyon al'umma da zai sa wancan faifai na farko ya kwana lafiya da masu sauraronsa. Amma adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Shi kansa kiɗan metal jikan blues ne, su Black Sabbath da blues suka fara, shi kuma blues daga waɗancan gonaki da gidajen yari ya fito. Wanda ya jefa wa Gagneux zagi yana ganin ya haɗa abin da ba zai haɗu ba, bai san jika da kaka ya haɗa ba. Dubban samarin Turai da ba su taɓa jin sunan Robert Smalls ba sun neme shi saboda bangon faifai, kuma a gidan da masu wariya suka ɗauka nasu ne, ga ɗan baƙar fata a kan dandamali yana bayarwa suna amsawa.

Da alama shi ma Gagneux ya ga cewa abin da ya faru da gaske ya fi ƙage nauyi, don kuwa ayyukan da suka biyo baya sun yi ta matsowa kusa da shi. Faifai na biyu, Stranger Fruit, ya fito a watan Yunin 2018, sunansa kuma yana nuni ne ga waƙar da Billie Holiday ta naɗa a 1939 kan baƙaƙen da gungun fararen fata ke kashewa ba shari'a su rataye a bishiya. A 2019 suka fitar da wasan da suka yi a Landan a faifai.

Ranar 25 ga Mayun 2020 wani ɗan sanda a birnin Minneapolis ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har ya mutu. A watan Oktoban shekarar Zeal & Ardor ta fitar da Wake of a Nation, waƙoƙi shida, bangon yana ɗauke da kulkin ƴan sanda biyu da aka gitta kamar gicciye a kife. A nan babu sauran tatsuniya. Ɗaya daga cikin waƙoƙin an sa mata sunan Tuskegee, garin da ke jihar Alabama inda hukumar lafiyar Amurka ta yi shekara 40, daga 1932 zuwa 1972, tana bibiyar baƙaƙen maza 600, kusan 400 daga cikinsu masu ciwon tunjere, ba a gaya musu abin da ke damunsu ba, ba a kuma ba su magani ba ko bayan da fenisilin ya samu, don kawai a ga yadda cutar ke cin mutum. A ganinmu wannan ɗan ƙaramin faifai shi ne mafi ƙarfin abin da suka yi, domin a nan kururuwar ta sami dalilinta.

Daga nan ƙungiyar ta shiga sahun manya. A ƙarshen 2021 ta zagaya Amurka tana buɗe wa Opeth da Mastodon wasa, Lukas Kurmann ya maye gurbin Rafaela Dieu, a watan Fabrairun 2022 kuma suka fitar da faifai mai ɗauke da sunan ƙungiyar. A 2023 aka nuna wani fim na tarihin tafiyarsu mai suna Play with the Devil.

Faifan GREIF na watan Agustan 2024 shi ne na farko da dukan ƴan ƙungiyar suka shiga situdiyo tare, maimakon Gagneux ya yi kusan komai da kansa. Wasu tsofaffin masoya sun yi ƙorafin cewa ƙarar sarƙa da waƙoƙin gona sun ja baya, kiɗan ya yi sanyi. Wannan karon gida suka dawo neman labari. Sunan ya fito ne daga wani tsohon biki da ake yi kowane watan Janairu a Kleinbasel, ɓangaren Basel da aka sani da unguwar ma'aikata da baƙi, inda mutum uku ke shigar dodanni, ɗaya zaki, ɗaya mutumin daji, ɗaya kuma wata halitta mai kan mikiya da ake kira Vogel Gryff. Sukan yi rawa a kan gadar kogin Rhin suna fuskantar unguwarsu, sun juya wa ɓangaren masu kuɗi da masu mulki baya.